Ruwan da Waliyyu Ya Ɗaure

In ka bar Jega ka kama hanyar Maiyama, kafin ka yi nisa akwai wata 'yar hanyar babur da ke ratsewa ta gangara fadama. A ƙarshenta Tungar Bala take, gidajen da ba su kai talatin ba, duk suna warin hayaƙin banda. Nan aka haifi Waliyyu, a shekarar da ba wanda ya damu ya rubuta. Katinsa na zaɓe ya ce shekarunsa sittin da bakwai. Matarsa Tabawa ta ce katin ya yi masa kara, domin tun ranar da aka kawo ta gidan ta tarar da furfura a gemunsa.

Mahaifinsa Bala, Basarke ne da ya taso daga ƙasan gulbi da jirginsa da matansa biyu, ya kafa bukka a bakin wani tafki da ake kira Maibado. Tafkin ba shi da idon ruwa. Gulbi ne ke cika shi duk damina ta wani siririn mashigi, ya shigo masa da kifi, sannan ya janye ya bar su. Daga nan har wata damina, abin da tunga za ta ci da abin da za ta sa a jiki yana cikin wannan ruwa. Da Bala ya rasu, riƙon tafkin ya dawo hannun Waliyyu, ba takarda ba sa hannu, kowa dai ya san haka ne.

Gajere ne mai faɗin ƙirji, maganarsa a rana ba ta cika cokali. Ya iya jifan birgi, tarun nan da ake wurgawa, tun bai kai tsawon filafilin tuƙa jirgi ba, kuma ko yanzu in ya dubi yadda ruwa ya motsa zai gaya maka ko tarwaɗa ce ko ƙarfasa. Aibinsa ɗaya, in aibi ne, bai iya lanƙwasa magana ba. Tabawa, wadda ke banda kifin ta kai kasuwar Jega, ta daɗe da hana shi zama kusa da kwandonta. Sau ɗaya ya zauna, wata mata ta tambaya ko bandar jiya ce, Tabawa na buɗe baki ya riga ta da cewa ta kwana huɗu. Har yau in an tayar da zancen sai ta yi tsaki, shi kuma ya ce ai kwana huɗun ne.

Sun haifi mata huɗu da namiji ɗaya. Matan duk suna ɗakunansu. Namijin ya dubi ruwa ya dubi kwalta, ya zaɓi kwalta, yana tuƙa babur mai ƙafa uku tsakanin Jega da Aliero. Waliyyu bai hana shi ba, bai kuma taɓa hawa babur ɗin ba.

Abin da ya gada wurin Bala wanda ya fi jirgi da taru shi ne ɗaurin ruwa. In mai riƙon tafki ya ga kifi ya ƙanƙance, sai ya tara mutane bayan sallar la'asar, ya kafa doguwar sanda a bakin ruwa, ya ɗaura mata ganyen kaba, ya faɗi damina nawa ruwan zai huta. Daga ranar ko ƙugiya ba ta shiga. Masu su sai su koma gulbi, su yi haƙuri da ɗan abin da suka samu, har ranar da mai ɗauri zai zare sandarsa. Sau biyu Bala ya yi haka a rayuwarsa, kuma tsofaffi na ba da labarin giwan ruwan da aka fitar ranar buɗewa ta biyu, wanda sai da aka nemo jaki.

To, ana nan sai aka zo da wani shiri na tallafa wa masunta. Da ma masu su na biyan kuɗin izinin ruwa duk shekara, matansu kuma na biyan haraji a kan kowane kwando a ƙofar kasuwa. Shirin ya ce an ɗauke musu duka biyun har shekara uku, kuma duk wanda ke riƙe da tafki za a rubuta shi da sunansa muddin ana su a cikinsa. Aka ba Waliyyu kati mai hotonsa, ya fito fuska a murtuke kamar wanda aka kama da akuyar sata. Tabawa ta naɗe katin a leda ta sa a lalitarta, ta riƙa wuce masu karɓar haraji tana ɗaga musu shi ba ko sannu.

Alheri ne, ba mai musu. Amma alheri ma yana da ƙafafu, kuma ba koyaushe yake taka inda aka nufa ba. Da aka ji su ya daina cin haraji, sai kowa ya zama masunci. Samarin da ba su san gaban jirgi da bayansa ba suka ɗinke gidajen sauro biyu-uku suka mai da su taru. Gidan sauro kuwa ba ya tambayar shekarun kifi, har wanda bai kai ɗan yatsa ba kwashewa yake yi. Shekara guda tak, Maibado ya rame. Waliyyu ya jefa birgi wata safiya, ya jawo, ya ga abin da ke ciki bai isa miyar mutum biyu ba. Ya daɗe a tsugune yana juya 'yan kifayen a tafinsa, sannan ya mai da su ruwa ya tafi neman kaba.

Damina uku ya faɗa a gaban jama'a. Aka yi gunaguni, wasu har suka daina gaishe shi. Wani yaro ya gwada shiga da asuba, Waliyyu ya kama tarun ya ƙone shi a tsakar tunga, a gaban uban yaron. Shi kansa ya koma gulbi da tsufansa, yana tuƙa jirgi gaba da ruwa, ya dawo da yamma kafaɗu na ciwo da kifin da bai taka kara ya karya ba. Tabawa ta koma sayen ɗanyen kifi wurin wasu tana bandawa don kada murhunta ya mutu. Sun sha wuya a shekarun nan biyu, wuya ta gaske, har ranar da aka ci tuwo da miyar kuka ba ko ƙashin kifi a gidan Basarke.

Amma ruwan ya amsa. A damina ta biyu, in ka tsaya a bakin Maibado da hantsi, za ka ga bado na rawa ba iska. Waliyyu kan je ya zauna a gindin wata giyayya yana kallo, yana murmushi shi kaɗai. Mutumin da ba a taɓa jin ya yabi 'ya'yansa ba, sai ga shi yana ba Tabawa labarin wata tarwaɗa da ya gani, wai kanta ya kai akushi.

Bayan kaka ta wannan shekara aka sanar a rediyo cewa an ƙara wa'adin sassaucin harajin da wasu shekara uku, kuma ma'aikata za su zaga su tabbatar da waɗanda ke kan aiki. Wanda ya zo Tungar Bala wani saurayi ne mai suna Faruk, mai ladabi, da jaka a baya da babbar waya a hannu. Ya durƙusa ya gai da Waliyyu, ya sha furar da aka dama masa har ƙasan kwano. Waliyyu ya ji yaron ya kwanta masa, ya ce ya zo ya nuna masa abin da bai taɓa gani ba.

Suka tsaya a bakin ruwa. Faruk ya duba wayarsa ya ce, "Baba, yaushe rabon da a kama kifi a tafkin nan?"

Waliyyu ya gyara tsayuwa. Shekara biyu yana jiran wani daga sama ya yi masa wannan tambaya.

"Damana biyu cur, ɗana. Ko ƙugiya ba ta taɓa shi ba."

"Wato yanzu ba a su a cikinsa ke nan?"

"Ba a yi. Kuma wanda duk yag gwada, shi gamu da ni."

Ya nuna masa sandar da ganyen kabar da ya bushe, ya yi masa bayanin ɗauri, ya ce saura damina ɗaya. Faruk ya ce Allah Sarki, wannan dabara ce mai kyau, har ya ɗauki hoton sandar. Sai dai takardar da ke cikin wayarsa gida biyu gare ta a wannan layi, ana su ko ba a su. Ya ɗan yi jim, ya taɓa na biyun, domin abin da aka gaya masa ke nan kuma abin da idonsa ya gani ke nan. Yana da tunga shida a gabansa kafin la'asar. Ya yi sallama ya hau babur.

Da Waliyyu ya koma gida yana ba da labari da fara'a, Tabawa ta ajiye wuƙar da take feɗe kifi da ita. Ita ce ta shekara talatin tana mu'amala da masu rasit, ta san kunnensu daban yake da na mutane.

"Malam, mi kac ce mai?"

"Gaskiya nig gaya mai."

"Ka ce mai ba a su?"

"To ana yi?"

Ta dube shi ta daɗe, sannan ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da aiki. Shi kuma ya ɗauka ya yi nasara.

Wata biyu bayan haka, a ƙofar kasuwar Jega, ta ɗaga kati kamar kullum, mai karɓar haraji ya tare ta da hannu. Ya ce wannan ya mutu, sababbi sun fito, kuma ba sunan Maibado a ciki. Ta biya, ta shiga, ta zauna a bayan kwandonta har azahar ba ta kira mai saye ko ɗaya ba. Ba harajin ne ya dame ta ba. Ta tuna da ɗayan rabin sharaɗin, wanda ya ce tafki na mutum ne muddin ana su a cikinsa.

Ba a yi sati uku ba injuna suka iso. Wanda ya fara zuwa Bashar ne, manomin albasa daga Kashin Zama, mutumin kirki da ya sha sayen kifi a hannun Tabawa. Bai wuce kai tsaye ba, sai da ya yi sallama a ƙofar Waliyyu ya cire takalmi. Ya fito da takarda ya ce an raba ruwan tafkunan da ba a amfani da su ga manoman rani, shi da wasu mutum biyar an ba su Maibado da filin da ke kewaye da shi.

"Wallahi Baba ban san naka na ba sai da nig ga sunan tunga. In ni ban ɗauka ba, wani za a ba."

Waliyyu ya karɓi takardar ya juya ta, shi da bai iya boko ba, ya mayar masa.

"Ruwan ɗaure shi ke."

"Na sani, Baba."

"In ka sani, mi ak kawo ka?"

Bashar ya sunkuyar da kai. Ya yi alkawarin zai bar ruwa iya gwiwa, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Amma inji shida ne, kuma sauran biyar ɗin ba su yi wa kowa alkawari ba.

Washegari Waliyyu ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi ofishin masu shirin. Ya yini a kan benci. Da Faruk ya fito ya gan shi, ya ji abin da ya faru, sai ya dafe kai da hannu biyu. Ya rantse bai san amsar nan za ta kai ga haka ba. Ya zauna nan take ya rubuta takardar koke da hannunsa, ya haɗa da hoton sandar, ya ce zai bi ta da kansa. Sai dai masu duba koke ba sa zama sai zagaye na gaba. Waliyyu ya tambaya yaushe ne zagaye na gaba. Faruk ya ce ba shi da masaniya, watakila baɗi.

Ya dawo ya tarar da injuna na ruri, tiyo shida sun tsoma baki a Maibado suna zuƙa.

Mutanen tunga suka taru a kansa. Suka ce tun da abin ya zama haka, ya zare sandar a shiga a kwashe kifin tun ruwa na da zurfi, kada a yi biyu babu. Magana ce ta hankali, ni ma da ina wurin ita zan faɗa. Waliyyu ya ce damina uku ya faɗa a gaban Allah da gaban jama'a, biyu aka yi. Ya ce takarda na can ana dubawa, in ya buɗe ruwan yau, da wane baki zai ce ɗaure yake? Taurin kai ne, har da shi. Amma kuma tsoro ne. Zare sandar nan yarda ce cewa tafkin ya tafi, shi kuwa zuciyarsa ta ƙi ɗaukar wannan.

Kullum da safe yakan je ya soka kara a bakin ruwa, da yamma ya tarar ruwan ya gudu ya bar karan a tudu. Bado ya kwanta a laka. Zalɓe da balbela da ba a gayyata ba suka cika wurin. Ya rame, ya daina zuwa gulbi, abinci sai Tabawa ta tsaya a kansa. A sati na biyar ruwa ya koma iya cinya, ya yi zafi, kifi ya fara tasowa yana haki a sama.

Ranar da ya ga na farko ya juya ciki, ya dawo gida ya kwashe manyan robobin Tabawa guda biyu. Ya shiga ruwan da hannu kawai, ba taru ba homa, yana lalubo manyan, iyayen da ke ɗauke da ƙwai. Ya sa su a roba da ruwa, ya ɗora a ka, ya taka har gulbi, tafiyar da ta fi rabin awa a cikin rana, ya juye su ya dawo. Tabawa ta ga sawu na farko ta ce ya haukace, abincin wata guda yake zubarwa. A sawu na uku ta ɗaura gyale a ƙugu ta ɗauki ɗaya robar ta bi bayansa. Kwana biyu suna wannan jigila, tsoho da tsohuwa, ruwa na zuba musu a wuya.

A rana ta uku ƙafafunsa suka ƙi. Ya rarrafa ya je ya kama sandar, ya jijjiga ta, ya zare. Bai yi jawabi ba. Mutane suka afka cikin lakar da kwanduna da buhuna, mata da yara har da leburorin albasa, ana ihu ana dariya ana tsintar kifi da hannu kamar ana tonon dankali. An samu kifi ranar, an samu ƙwarai, irin wanda aka shekara goma ba a gani ba. Har ya yi yawa, murahun tunga suka kasa, rabinsa ya ruɓe kafin a kai Jega. Waliyyu na zaune a gindin giyayya da sandar a kan cinyarsa, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Wannan ce ranar buɗewar da ya yi shekara biyu yana tanadi.

Kafin damina manoman suka kawo tarakta ta baje gindin tafkin, domin ƙasar wurin baƙa ce mai ƙarfi, albasa na son ta. Suka cike mashigin da buhunan yashi da ƙasa don kada ambaliya ta ci musu iri. Gulbi ya cika a watan takwas kamar yadda ya saba, ya zo ƙofar Maibado ya tarar a rufe, ya wuce.

Gidaje tara suka tashi daga tungar a wannan shekara, wasu Yauri, wasu ƙasan gulbi. Waliyyu bai tashi ba. Jirginsa na kife a bayan gida, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Yakan gyara wa mutane taru in an kawo, Tabawa kuma na banda kifin da ake kawowa daga gidan ƙanƙara a kwali, tana yi tana zaginsa, wai kifin da ba shi da ƙamshi ba shi da dangi. Ɗansu ya ce su koma Jega Sabon Gari ya kama musu ɗaki. Waliyyu ya ce ya ji, kuma ba a sake tayar da maganar ba.

Rani ya sake zagayowa. Wata ranar Laraba da hantsi sai ga babur ya tsaya a ƙofar gida, Faruk ya sauko yana washe baki, ko gaisuwa bai gama ba ya zaro kati sabo fil daga jaka. Ya bi takardar nan ofis-ofis fiye da shekara, bai gaji ba. An karɓi koken. An yarda ɗaurin ruwa aiki ne, har an ce za a ƙara masa gida na uku a takardar, bayan na ana su da na ba a su. An mayar wa Waliyyu Maibado da sunansa, da sassaucin haraji na shekara uku cif.

"Abu ɗaya ya rage, Baba. Hoto za mu ɗauka, kai da tafkin, in haɗa da fayil. Mu je ka tsaya a bakin ruwa."

Tabawa ta buɗe baki daga bakin murhu, Waliyyu ya ɗaga mata hannu. Ya sa takalmansa ya shige gaba, Faruk na biye yana ba da labarin yadda aka sha fama. Da suka wuce giyayyar, labarin ya tsaya a bakinsa. Fangalin albasa ne kore shar har inda ido ya kai, leburori na sunkuye a ciki, inji na jawo ruwa daga rijiyar burtsatse.

Waliyyu bai tsaya ba. Ya bi kan kunya a hankali, yana duban giyayyar yana duban gabas, har ya kai tsakiyar gonar. Ya juyo ya fuskanci Faruk.

"Nan na. Nan ad da zurhi. In mutum yat tsaya nan, ya miƙa hannu sama hakanga, ruwa na rufe shi har yatsu."

Ya miƙa hannun sama ya bar shi a miƙe, yana jiran a ɗauka. Faruk na riƙe da wayar a gefen cinyarsa, ya kasa ɗaga ta.

Wani lebure da bai san ko wane ne ba ya ɗago kai daga fangali na kusa ya ce, "Tsoho, a dai lura, kana taka muna albasa."

Waliyyu ya sauke hannunsa, ya dubi ƙasa, ya janye ƙafarsa.

"Yi haƙuri, ɗana," in ji shi. "Ban gani ba."